Kunyar Balkisa

Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa jiya a bakin ƙofa, wai tunda aka turo ta koyon aiki a jardan, makarantar 'yan ƙanana, ta huta, ai ba abin da ake yi da ƙananan yara sai waƙa da tafi da share majina. Ban ji haushi ba, ni ma da irin wannan tunanin na shigo aikin nan, lokacin ko furfura ɗaya babu a kaina. Daraktiris, shugabar makarantar nan, ta ce in nuna muku yadda ake cika takardar auna yara kafin hutu. To, takardar ba ta da wuya, ko ɗan ajin farko aka riƙe wa hannu zai cika ta. Wuyar tana wajen sanin abin da za ki zuba a ciki, shi kuwa ba a koyonsa a zaune kan kujera ana latsa waya.

Ga kayan aikina, ba su taɓa wuce kwandon nan ba. Murafun kwalabe da 'ya'yan aduwa na ƙirga, karan dawa da na yayyanka dogo da gajere, tiren rairayi da yaro ke jan layi da yatsa a kai, laka daga bakin tafki, sai gwangwanin tumatir da tsakuwa a ciki. Ƙaramin kaye da bik kuwa, wato littafin rubutu da biro, ba sa barin aljihun rigata. Kowane yaro yana da ambulan ɗinsa, ni nake ɗinka su da takardar buhun siminti, duk abin da hannunsa ya zana a shekara a ciki yake kwana, da ranar da ya yi shi a rubuce a baya. Takardar hukuma da ake aiko mana gida uku gare ta a gaban kowace tambaya: ya iya, yana kan hanya, bai iya ba. Ɗan shekara huɗu kuwa da safe ya iya, da hantsi yunwa ta kama shi bai iya ba, gobe in uwarsa ta yi masa faɗa a hanya ko sunansa ba zai gaya miki ba. Sai ki faɗa mini a wane gida za ki saka shi.

Aikin farko da aka ba ni, malamar da ta koya mini aiki, Madam Rakiya, ita ce ta ba ni shi, Allah ya jiƙanta. 'Yar Kance ce, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Ta nuna mini wani yaro mai suna Sani ta ce in zauna in kalle shi har a tashi, in rubuta mata abin da na gani. Na ce a raina wannan ai wasa ne. Na rubuta cewa yana da ƙiriniya, ba ya jin magana, yana ƙwace kayan yara. Ta karanta, ta miƙo mini kayen, ta ce wannan zagi ne ba aiki ba, in uwarsa ta so zagi ai tana da maƙwabta. Ta ce in koma gobe, in rubuta abin da idona ya gani kawai, in bar zuciyata a gida. Da na koma na zuba ido, sai na ga ashe ba kowane murfi yake ƙwacewa ba, jajaye kaɗai yake bi, in ya tara su kuma sai ya jera su daga babba zuwa ƙarami a gefen tabarma. Yaron da na kira mai ƙwace ya riga duk ajin sanin kala da girma. Ranar Madam Rakiya ta ce mini ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in dai mai idon ya yi haƙuri.

Ita ce kuma ta hana ni zaunar da yaro a gabana ina yi masa tambaya kamar alƙali. Ta ce ɗan Matamaye tun yana goye ake koya masa kada ya ɗaga ido ya kalli babba, kada ya yi surutu gaban baƙo. In kika tsare shi kika ce wannan wace kala ce, zai sunkuyar da kai ya yi ta wasa da yatsun ƙafa, ke kuma ki rubuta bai iya ba, alhali ya iya sarai, tarbiyyar gidansu ce ta riƙe masa baki. Don haka a cikin wasa ake auna su. Ki ce ku zo mu yi kasuwa, ki ga wa zai ƙirga aduwa daidai. Kuma kada ya ga bik a hannunki, da ya gani wasan ya mutu. Ni bayan randar ruwa nake laɓewa in rubuta, har yara suka ɗauka ƙishirwa gare ni da ba ta ƙarewa.

Iyaye kuwa, su ne masu sayen kayanmu, kuma ba abin da muke da shi suke nema ba. Tambayarsu ɗaya ce, na nawa ya zo. Ki ce a jardan ba a yin na ɗaya da na biyu, sai a kalle ki kamar kin cinye wani abu. Maza da ke cin rani a Kano da Legas su bugo waya su ce a ba yaro ya yi musu faransanci su ji. Kakanni su kuma burinsu yaro ya durƙusa ya yi gaisuwa. Akwai wani Alhaji mai shagon taya da ya dawo mini da ambulan ɗin ɗansa yana faɗa, wai ya kawo yaro ya koyi boko an cika masa buhu da zanen banza. Ban yi musu da shi ba. Na fito da zanen farkon shekara, kai ne kawai da ƙafafu biyu, na ajiye na ƙarshen shekara a gefensa, mutum cikakke har da yatsu da aljihu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai wannan hularsa ce. Ya naɗe kayansa ya tafi.

Shekarar da baƙon dauro ya shigo gari ita ce mugunyar shekarata a aikin nan. Da zafin bazara ya fara daga ƙauyukan wajen Kurni, kafin a ankara ya gama unguwanni, har aka rufe jardan na wani lokaci. Da aka buɗe, akwai wuraren zama a tabarma da masu su ba su dawo ba, ambulan ɗinsu ni na kai wa iyayensu da hannuna, kuma ba na yi wa kowaccenku fatan irin wannan aiken. Waɗanda suka dawo ma ba yadda suka tafi suka dawo ba. Wanda ke ƙirga har goma ya koma uku, wanda ya daina fitsari a wando ya koma ruwa. Duk abin da na rubuta kafin cutar ya tashi aiki, dole na sake kallon kowa daga farko. Ga babban hutu ya matso, ga ofis na jiran takardu, domin ajina babban aji ne, da takardun za su wuce firamare.

A cikin waɗanda suka dawo akwai Balkisa, jikar Hajiya Dije ta bayan kasuwa. Yarinya ce 'yar siririya, dama can shiru-shiru ce, kullum cikin ƙaramin hijabinta tsaf. Duk uwar da ta zo ɗaukar ɗanta sai ta nuna ta ta ce ga 'yar gidan mutunci, ba ta ɗaga ido, ba ta mayar da magana, ko kiranta aka yi sai ta yi kamar ba da ita ake ba saboda kunya. Bayan cutar shirun nata ya ƙaru, yabon ma ya ƙaru. A takarda kuwa ba ta da matsala ko ɗaya. In aka ce a tashi ta tashi, in aka ce a tafa ta tafa, zanenta ya fi na kowa tsabta. In da a gurguje na cika, da duk a gidan ya iya zan jera ta, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Wata safiya Hadiza, yarinyar da ke zama kusa da ita, ba ta zo ba. Muna wasan tashi-zauna, sai na ga Balkisa ta rikice, ashe Hadiza take kwaikwaya. Kowa ya tashi ita tana zaune, sai ta waiwaya ta ga an tashi sannan ta miƙe, kafin ta miƙe an zauna. Idonta na ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan, goshinta har ya yi zufa. Amma rana ɗaya ba ta isa hukunci ba. Kashegari na canza wasan. Na rufe bakina da mayafi, na ce kowa ya zauna, hannuna kuma na ɗaga shi sama kamar mai cewa a tashi. Duk ajin suka zauna suna dariya, Balkisa kaɗai ta miƙe tsaye. Bayan nan na bi ta baya lokacin da take jan layi a rairayi, na girgiza gwangwanin tsakuwa dab da kanta. Yaran can nesa suka juyo, ita yatsanta bai ko tsaya ba. Da na taka tabarmar da ƙafa ta motsa a ƙarƙashinta, nan take ta juyo tana murmushi. Haka na rubuta a kaye, yadda aka koya mini, ban ƙara ko kalma ɗaya ta kaina ba.

Da na sunkuya in gyara mata riƙon yatsa sai wani wari ya bugi hancina. Na ja ta bayan randa inda yara ba sa gani, na ɗaga hijabin. Kunnuwan duka biyu an cusa musu auduga da man kaɗanya, audugar ta jiƙe ta manne, mugunya har ta bushe a wuyanta. Tana tsaye tana kallon bakina, tana jiran ta ga abin da nake so ta yi. Na mayar mata da hijabin, na ba ta aduwa, na ce ta je ta yi wasa, da hannu na nuna mata.

Da aka tashi ban je gida ba, asibiti na wuce wajen majo, babban ma'aikacin jinya. Ba ni da ikon ɗaukar 'yar mutane in kai ta, bayani kawai na yi masa. Ya ce in yadda na faɗa ne, ko an kawo ta Damagaram zai tura su wajen likitan kunne. Ya ce ruwan nan cin dodon kunne yake yi a hankali, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa, kada a ce sai an yi hutu, kada a ce sai uban ya dawo noma. Wataƙila akwai sauran abin da za a ceta, wataƙila babu, amma kowace safiya raguwa yake yi.

Na kai wa daraktiris ta lokacin maganar. Mace ce mai hankali, ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Ta ce in bar kaza cikin gashinta. Jikokin Hajiya Dije ba ɗaya ba ne a jardan ɗin nan, kuma ba a gaya mata magana sau biyu. Ta ce in na rubuta a takardar da za ta je gida da firamare cewa yarinya ba ta ji, to na liƙa mata sunan kurma, sunan nan kuwa in ya manne wa 'ya mace a garin nan har gidan miji yake bin ta. Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani. Amma in na rubuta ta iya, yarinyar za ta wuce da yabo, kunnen ya ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashin hijabi, sai an kai ajin da ba a kwaikwayo sannan a ce daƙiƙiya ce. Na ce mata a ba ni lokaci, na bar gidan tambayar saurare babu komai.

Uwar yarinyar na fara nema, Zuwaira, yarinya ce ƙarama a lokacin. Na same ta a bakin famfo da yamma, na ja ta gefe na gaya mata abin da na gani. Ba ta ɗago ba.

“Ni ban san komai a kan waccan ba, Tanti. A tambayi Hajiya.”

Bokitinta ya cika yana ta zuba a ƙafarta, ba ta ko janye ƙafar ba, sai da wata mata ta yi mata magana. Ku 'yan yanzu da kuke saka hoton jaririnku a waya kuna kiransa da suna har da kirari, za ku ce wannan wace irin uwa ce. To Balkisa 'yar fari ce. A irin gidan Hajiya Dije uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa gaban surukai, in ya faɗi ya fasa baki ba ita ke fara tashi ba. Tun da aka yaye Balkisa a ɗakin kakarta take kwana, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta magani. Zuwaira sai dai ta ce ke, ko waccan. In ta buɗe baki ta ce a kai ta asibiti, ta nuna rashin kunya, ta kuma nuna cewa uwar mijinta ba ta iya riƙo ba. Ta san komai, ta riga ni sani, bakin ne babu.

Sai na shirya na tafi wajen Hajiya. Ta karɓe ni hannu biyu, ta sa aka dama mini fura, ta yi ta sa mini albarka saboda yadda jikokinta ke gaisuwa. Na yi ta zagaye-zagaye, na fara da yabon zanen Balkisa, na bi ta kan cutar da ta wuce, sannan na sauka a kan kunne. Fuskarta ta canza tun ban rufe baki ba. Ta ce ruwan kunnen ai sauran baƙon dauro ne ke fita, in aka tsayar da shi ciki zai koma, ita da ta raini 'ya'ya da jikoki ba yau ta fara ganinsa ba. Na ce ba ruwan kaɗai ba ne, yarinyar ba ta jin kira. Nan ta ajiye ludayin da ke hannunta.

“Madam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan nan ba a taɓa haihuwar kurma ba. Yarinyar da duk gari ke yabon kunyarta, ita za ki zo har ɗakina ki sa wa wannan suna?”

Na ba da haƙuri, na ce ban sa mata suna ba. Ta ce ta gode da ziyara, ta kira wata jika ta raka ni zaure. Furar ma ban shanye ba.

Kashegari Balkisa ba ta zo ba, sauran jikokin ma ba su zo ba. Aka aiko cewa Hajiya ta ce sun huta haka nan, bakin mutane ya yi yawa a jardan. Daraktiris kallona kawai ta yi, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na nemi lambar uban a Legas na buga masa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce Hajiya ce ta raine ta, abin da ta ce shi ne, in ya dawo da damina zai duba. Damina kuwa ko hadari ba a fara gani ba. Na tsorata ƙwarai a kwanakin nan, ba zan ɓoye muku ba. Da can aƙalla yarinyar tana gabana ina ganinta, yanzu na yi magana na jawo an kulle ta a gida da auduga a kunne. Ina cika takardun sauran yara, tata na gefe, kowace safiya daraktiris sai ta tambaya.

Ranar da na koma gidan, bayan la'asar ne, kuma ba wanda ya gayyace ni. Na tarar da tsakar gida cike, matan 'ya'yan Hajiya suna daka, Zuwaira na bakin murhu tana fifita wuta, Hajiya na kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Balkisa ta gan ni, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta koma gindin katanga inda take gina 'yan tukwane da laka, ta ba mu baya. Hajiya ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta ce a kawo ruwa ba. Na ce mata abu ɗaya na zo roƙo. Ina so ta kira jikarta daga inda take zaune. In ta juyo, zan durƙusa gaban matan nan in nemi gafara, in rubuta ta iya, kuma ƙafata ba za ta sake taka gidan da wannan magana ba.

Hajiya ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Hannunta ya kai kan wani guntun kara za ta jefa wajen yarinyar, ita kanta ba ta san ta ɗauka ba. A nan na gane duk gidan sun saba, sai an jefa mata abu ko an taɓa ta ake yi mata magana, ba wanda ya lura da ranar da aka fara hakan. Na ce Hajiya, da baki kawai. Ta harare ni, ta ajiye karan, ta kira sunan. Shiru. Ta ɗaga murya ta sake kira, har akuyar da ke ɗaure a turke ta ɗago kai. Balkisa na ta shafa bakin tukunyarta da yatsa. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Hajiya ta gyara zama ta ce ai kunyata take ji, ba ta amsa kira gaban baƙi, haka ta tarbiyyantar da ita, kuma ai ni da kaina nake gaya wa iyaye cewa yaranmu ba sa magana gaban manya. Matan da ke daka suka ce ƙwarai kuwa, haka take.

Maganata ce ta mayar mini, kuma maganar gaskiya ce, shekara da shekaru ina koyar da ita. Duk gwajin da zan yi, muddin ina tsaye a gidan, kunya za a ce. In na fita kuma ba mai gwadawa. Na yi sallama, na sunkuya ina neman takalmina.

“Balkisa.”

Daga bakin murhu muryar ta fito, ba da ƙarfi ba. Taɓaren da ke sama suka tsaya a sama. Zuwaira ta ajiye maficin, ta miƙe tsaye, ta fi kowa kusa da yarinyar, ba abin da ke tsakaninsu sai tulu. Tunda ta haife ta ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, ga shi ta kama shi gaban uwar mijinta da faccalolinta da baƙuwa. Kowa a gidan ya san ba ɗan farin da zai ji uwarsa ta kira sunansa ya kasa juyowa, ko kunyar duniya aka tara masa, mamaki kaɗai ya isa ya juyo da shi. Ta sake kira, wannan karon da iya ƙarfinta. Balkisa ta lashi yatsa, ta ci gaba da gyara bakin tukunya. Zuwaira ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, tuwo na kan wuta.

Ni dai takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ina jiran Hajiya ta fara faɗa, ko da ni ko da surukarta. Sai ta dafa ƙasa ta tashi, ta taka har gindin katangar, ta taɓa kafaɗar jikarta. Yarinyar ta juyo da fara'a tana nuna mata tukunya. Hajiya ta ɗaga hijabin, ta zaro audugar, ta daɗe tana kallonta a tafin hannu. Ba ta dube ni ba da ta yi magana.

“Madam, ke kika san bakin likitoci. Gobe ke za ki raka mu Damagaram.”

Mun je. Kunnen dama an makara, likita ya ce ya riga ya tafi. Na hagu aka yi ta wanki da magani, ana komawa ana dawowa har cikin damina, Hajiya da kanta ke hawa mota da ita, kuma Allah ya sa aka ceci abin da ya isa ta yi karatu. A takardarta ban cika ko ɗaya daga gidajen ukun nan ba. A gefe na rubuta cewa tana ji da kunnen hagu, a zaunar da ita gaba, a bari ta kalli baki kafin a yi mata magana. Daraktiris ta karanta ta sa hannu. Don haka gobe in kun shiga aji, masu ƙiriniya ba za su ɓace muku ba, su da kansu za su kawo kansu. Kowaccenku ta nemi yaron da ya fi kowa shiru, wanda iyaye ke yabo, ta zauna ta kalle shi har a tashi.

Balkisa yanzu budurwa ce, tana kwaleji, in ta gan ni a hanya sai ta juyo mini gefen hagu ta gaishe ni. Kwanaki na haɗu da Zuwaira a wani suna, na ja ta gefe ina tsokanarta, na ce tun daga ranar nan ko ta ƙara kama sunan. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce haba Tanti, na ranar ma har yau faccaloli ba su daina yi mata tsiya ba, ta koma ke da waccan ɗinta. Na ce ita Balkisar fa, an taɓa ba ta labari? Ta daina dariyar, ta ce wa zai gaya mata, ai abin kunya ne. Ranar duk gidan sun ji uwarta ta kira ta, har maƙwabta ta bayan katanga sun ji, ita kaɗai ce ba ta ji ba.